Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar Kurket ta Ingila da Wales: kuɗi sun shigo, saura ƙofa

Zuwa ga shugabannin Hukumar Kurket ta Ingila da Wales,
Filin Lord's, Landan.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na san da wuya a samu mai jin Hausa a ofishinku, amma hakan bai hana ni ɗaukar alƙalami ba. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina sauraron ku da Turanci, ina fama da kalmomin wasanku waɗanda shi kansa Baturen sai an yi masa bayani. Ku ma yau ku nemi tafinta. Kuma ba ku kaɗai nake wa magana ba, har da 'yan'uwana Hausawa mazauna ƙasar nan, waɗanda 'ya'yansu ke makarantun gwamnati kamar nawa.

Ni ma'aikacin jinya ne, yawancin aikina na dare. A watan Nuwamban 2025, da za a fara gasar Ashes, wato karawar kurket tsakanin Ingila da Ostareliya, a birnin Perth na Ostareliya, na yi murna da jadawalin aikina, don wasan yana farawa ne bayan ƙarfe biyun dare a agogon nan, daidai lokacin da ɗakin marasa lafiya ke yin tsit. Na tanadi abin sauraro na kunne ɗaya, na shirya wa dare biyar. Dare biyu aka yi aka tashi. Travis Head na Ostareliya ya kama masu jifanku ya yi ta jibga kamar mai sussuka, ya haɗa maki 100 a jifa 69, shi ke nan. Aka je Brisbane aka sha kashi, aka je Adelaide aka ƙara. Kwana 11 na wasa, gasar da aka shekara huɗu ana jira ta kuɓuce. An samu nasara ɗaya a Melbourne, ita ma cikin kwana biyu a kan filin da kowa ya yi tir da shi, sannan aka rufe da 4-1 a Sydney.

Tun daga nasarar 2010 zuwa 2011, sau huɗu kuka je Ostareliya. An buga wasa 20 na kwana biyar-biyar, kun sha kashi a 17, an tashi babu gwani a 2, kun ci 1. Matan ma da suka je a farkon 2025 an yi musu maki 16 da babu a gasar, har abin ya ci kujerar kyaftin Heather Knight da ta kocinsu.

Na ji yadda aka yi ta kururuwa a jaridu da rediyo: a kori koci Brendon McCullum, a kori darakta Rob Key, a binne salon nan na bugun kan-mai-uwa-da-wabi da ake kira Bazball. Akwai gaskiya a ciki. Ƙungiyar da za ta fuskanci Ostareliya a gidanta, a ce duk shirinta wasan gwaji ɗaya ne, shi ma da ƙannenta na ƙungiya ta biyu, ai ta fafe gora ranar tafiya. Amma ban manta halin da McCullum da kyaftin Ben Stokes suka tarar da ku a 2022 ba, wasa 17 nasara 1. Ban manta ranar da suka kori maki 378 a Edgbaston suka kama Indiya ba, ko maki 506 da suka tara a yini guda a Rawalpindi. Sun dawo wa mutane da sha'awar kallo, wannan ba a ƙwace musu shi. Ko ku kore su ko ku bar su, ku kuka sani. Ni abin da ya sa na zauna rubutu yana can ƙasa da su, wurin da ake samo yaran tun farko.

Bari in faɗa muku yadda na shiga wasanku. Na zo ƙasar nan a 2004 ban san komai a kai ba. A ganina a lokacin, wasan da za a kwana biyar ana yi, a tsaya shan shayi, a ƙarshe kuma a ce babu wanda ya ci, aikin marasa aikin yi ne. Ranar Lahadi 7 ga Agustan 2005 ina aikin safe, na je canza wa wani tsoho ruwan da ake ƙara masa, sai ya damƙe mini hannu, idonsa na kan talabijin ɗin bango, ya ce in dakata, maki uku suka rage wa Ostareliya. Na waiga na ga duk ɗakin an yi shiru, har mai share-share ta jingina tsintsiyarta. Steve Harmison ya yi jifa, ƙwallo ta goge safar hannun mai bugu, mai tsaron baya ya cafe. Ingila ta ci da maki 2. Tsohon nan da ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi, sai da ya ɗaga hannu biyu, allura da komai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Andrew Flintoff, da ya bar abokansa suna tsalle ya je ya tsuguna gaban Brett Lee na Ostareliya yana ba shi baki. Na ce a raina, wasan da ke da wannan ladabi a cikinsa ya isa a koya.

A tashar Channel 4 muka kalla, kyauta, mu da miliyoyin mutane. Shekara na zagayowa kuka mayar da wasannin Ingila tashar Sky, sai mai biyan kuɗin wata. Na san hujjarku, kuma ba ƙarya ba ce: da kuɗin Sky aka biya albashin 'yan wasa, aka raya ƙungiyoyin gundumomi, aka mayar da kurket na mata sana'a. Amma ku lissafa ɗaya gefen. Yaron da aka haifa a 2000, a gidan da ba a biyan Sky, ya girma ya shiga jami'a bai taɓa ganin gwanin Ingila Alastair Cook yana bugu kai tsaye ba. James Anderson ya fitar da mutum 704 a wasannin kwana biyar kafin ya ajiye a 2024, babu mai jifan ƙarfi da ya taɓa kai wannan adadi a duniya, amma zai iya ratsa kasuwar garinmu da rana tsaka yara ba su waiga ba. Ɗan ƙwallon ƙafa mai zaman benci ya fi shi suna a layinmu.

Sai 14 ga Yulin 2019 aka sake buɗe mana taga, da Sky ta yarda a nuna wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Channel 4. Ɗana yana da shekara 7. Muka kalla a falon maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan asalin Fakistan da yaran layi ke kira Chacha, wato baffa a harshensu. (Da na fara jin sunan na ɗauka sana'arsa ake faɗa, sai da na yi wata guda ina kaffa-kaffa da shi.) Kun san yadda ta kaya da New Zealand: kunnen doki, aka ƙara jifa shida-shida, aka sake kunnen doki, aka ba Ingila kofi da ƙidayar bugun da ya kai iyaka. Da kyaftin Eoin Morgan ya ce wa 'yan jarida ai abokin wasansa Musulmi, Adil Rashid, ya tabbatar masa Allah na tare da su, Chacha ya yi dariya har da hawaye. Da aka fara fesa giya Rashid da Moeen Ali suka ruga gefe, ya nuna wa ɗana su da yatsa, bai ce komai ba. Kafin magariba yaran layi sun jawo kwandon shara sun kafa a bayan gidaje, sun naɗe ƙwallon tanis da salatif, ana ta bugu har duhu ya hana ganin ƙwallo. Tagar kicin ɗinmu ce ta fara biyan kuɗin.

Daga nan yaro ya kamu. Na kai shi ƙaramin kulob na unguwa, kuma in faɗi gaskiya, mutanen kirki na tarar. Wani tsohon direban bas ne ke yanke ciyawa, matarsa ke haɗa shayi, babu mai biyansu ko sisi. Suka ara masa kariyar ƙwauri da hular kwano. Ya iya murɗa ƙwallo da wuyan hannu, Chacha ne ya koya masa da lemun zaƙi a tsakar gida.

Ranar da aka kira shi gwajin shiga ƙungiyar yara ta gunduma ce idona ya buɗe. Tun daga wurin ajiye motoci na gane mun shigo wata duniya. Yara suna sauka da jakunkuna masu taya, kowanne da sanda biyu ko uku, alhali sandar kirki guda ɗaya takan haura fam 200. Iyaye suna gaisawa da masu horarwa da sunayensu na yanka. Na tsaya kusa da wani uba muna hira, ya ce mini a makarantar ɗansa akwai fili na ciyawa har uku, da rumfar atisaye ta lokacin sanyi, kuma malamin wasansu tsohon ɗan wasan gunduma ne. Makarantar ɗana filin siminti gare ta da ragar ƙwallon kwando da ta yage. Shi sau ɗaya a mako yake taɓa ƙwallon fata, wata huɗu a shekara. Su tun suna shekara 8 suke yi, rani da damina. Ba a ɗauke shi ba. Ba na cewa an zalunce shi, mai zaɓe abin da ya gani a awa biyu ya zaɓa, kuma yaran da aka ɗauka sun fi shi gogewa nesa ba kusa ba. Amma gogewa aka auna ranar nan, ita kuwa da kuɗi ake sayenta. A mota muna komawa bai yi kuka ba, tambaya ɗaya ya yi mini: "Baba, nawa ne kuɗin makarantarsu?" Na faɗa masa. Ya fi abin da nake kawowa gida a rabin shekara.

Kada ku ce ƙorafin uba ne wanda aka ƙi ɗansa. Ku kuka kafa kwamitin Cindy Butts, ku kuka karɓi rahotonsa a watan Yunin 2023. Shi ya ce a 2021 kashi 58 cikin 100 na mazan da suka buga wa Ingila daga makarantun kuɗi suka fito, alhali kashi 7 ne kacal na yaran ƙasa ke zuwa irin waɗannan makarantu. Sama da mutum 4,000 suka ba da shaida, rabinsu suka ce an nuna musu wariya. A cikin 'yan asalin Fakistan da Bangaladash kashi 87, a cikin baƙar fata kashi 75. Shugabanku Richard Thompson ya fito ya nemi afuwa, na yaba masa.

Za ku ce mini ai Joe Root da Harry Brook ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne, tallafin karatu makarantun suka ba su. Haka ne, kuma nan gizo ke saƙar. Root, wanda yanzu Sachin Tendulkar kaɗai ke gabansa a yawan maki a wasannin kwana biyar, sai da ya koma Worksop College. Brook sai da ya koma Sedbergh. Jacob Bethell sai da aka ɗauko shi daga Barbados zuwa makarantar Rugby. Ma'ana, kun sallama wa makarantun kuɗi aikin raino, su ke tsintar wanda suka ga dama su goge muku shi. Yaron da idonsu bai kai kansa ba, ya tafi ke nan. Stokes da Anderson sun fito daga makarantun gwamnati, amma ana yawan ambatonsu ne saboda irinsu ba su da yawa. Ƙasar da ke kamun kifi a ɗan kududdufi ta bar kogi, don me za ta yi mamaki idan Ostareliya ta fi ta kamu?

Ga kuma wani lissafin da ku da kanku kuka fitar a 2018: kusan kashi 30 na masu buga kurket don nishaɗi a ƙasar nan 'yan asalin Kudancin Asiya ne, amma a cikin ƙwararru ba su wuce kashi 4 ba. Ina sauran suka maƙale? Azeem Rafiq, tsohon ɗan wasan gundumar Yorkshire, ya ba da wani ɓangare na amsar a gaban kwamitin majalisa a Nuwamban 2021, yana magana murya na rawa, kan abin da ya gani a Yorkshire. Daga baya aka ci ƙungiyar tarar fam 400,000, aka zabtare mata maki 48. Wani ɓangaren amsar kuma wani mai bincike ne, Tom Brown, ya ba ku, da ya buɗe makarantar horar da 'yan Kudancin Asiya a 2022 da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya tattaro samarin da gundumomi suka yar, cikin 'yan shekaru da yawansu suka sami kwantiragi, ɗayansu Jafer Chohan har an kira shi tawagar Ingila a 2024. Ebony Rainford-Brent ta yi irin wannan ga yara baƙar fata tun 2020, bayan da aka ga adadinsu a cikin ƙwararru ya zube da kashi uku cikin huɗu. Yaran suna nan ashe. Masu nema ne ba su leƙa inda suke ba.

Na ga hotunan buɗa-bakin da aka yi a babban zauren Lord's a azumin 2022, an kira salla a ɗakin da kakanninmu ba su isa su leƙa ba. Abin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma dabino ɗaya ba ya ƙosar da mai azumi. A filin nan dai har gobe ana ware wa makarantun masu kuɗi na Eton da Harrow rana guda su kara, al'adar da ta faro tun 1805, alhali matan Ingila da suka ɗaga Kofin Duniya a wurin a 2017 sai 2026 aka sa musu ranar wasan kwana biyar na farko a cikinsa. Na san filin na kulob ɗin MCC ne, ba naku ba. Amma ofishinku a ciki yake, kuna gaisawa kullum.

Yanzu mu dawo kan gundumomi 18, inda ya kamata wanda ya tsallake duk waɗancan shingaye ya zama gwani. Na taɓa kai ɗana kallon gasar gundumomi ta kwana huɗu a watan Afrilu. Iska tana kaɗawa kamar hunturun Jos ya auri ruwan sama. 'Yan kallo ba su fi a ƙirga da ido ba, yawancinsu dattawa da bargo a gwiwa da fulas ɗin shayi, wani na rubuta kowane jifa a littafi da fensir. 'Yan wasa na tsaye hannu cikin aljihu. Fili kore shar, ƙwallo na lanƙwasa ita kaɗai, mai jifa matsakaici ya zama dodo. Yaro ya jira yini guda ya ga mai murɗa ƙwallo irinsa, sai dab da tashi aka ba wani jifa 12 aka karɓe.

Gasar da ta faro tun 1890 ke nan, kun tura mafi yawanta Afrilu da Mayu da Satumba, kun ba wa The Hundred, sabuwar gasarku ta jifa 100, watan Agusta sukutum, lokacin da rana ke fitowa, fili ke bushewa, yara ke hutu. To a ina mai bugu zai koyi tsayuwar yini guda a fili mai tauri? A ina mai murɗa ƙwallo zai koyi sana'arsa? Da kuka ga abin da gasar ke haifarwa bai dace da wasan ƙasa da ƙasa ba, maimakon ku gyara ta sai kuka daina kallonta. Shoaib Bashir wasa 6 kacal ya buga aka tafi da shi Indiya a 2024, bayan Stokes ya ga ɗan bidiyonsa a intanet. Yaron ya yi ƙoƙari, amma a gundumarsa ta lokacin, Somerset, ma ba ya samun gurbi saboda Jack Leach. Shekara biyu ana cewa don Ostareliya ake rainonsa, aka je Ostareliya bai buga ko wasa ɗaya ba. Bethell kuwa an ɗora shi a gurbi na uku bai taɓa cin maki 100 a wasan ƙwararru ba. Ɗarinsa ta farko a dogon wasa sai a Sydney ya yi ta, bayan an riga an rasa gasar. Baiwa ce da shi, babu musu. Amma me za a ce wa Haseeb Hameed, wanda ya tara sama da maki 1,000 a 2025, ya jagoranci Nottinghamshire ta ƙwace kambu daga hannun Surrey bayan shekara uku tana riƙe da shi? A ce masa makin gunduma ba maki ba ne? Idan haka ne, don me ake buga gasar?

An gwada ƙwallon Kookaburra irin ta Ostareliya na 'yan shekaru, an watsar. Tsohon kyaftin Andrew Strauss ya kawo shawarar rage wasanni a 2022, gundumomi suka ƙi. An sake zama a 2025, aka tashi a kan wasa 14 ɗin dai. Kowa na tsaron tukunyarsa.

Wasan yini ɗaya ma haka. Tun 2021 gasar gundumomi ta jifa 300 tana karo da The Hundred, don haka manyan 'yan wasa ba sa buga ta. Sai ga zakarun duniya na 2019 sun je Indiya a 2023 sun sha kashi a wasa 6 cikin 9, sun je gasar zakaru a Fakistan a 2025 sun dawo babu nasara ko ɗaya, har Afganistan ta yi musu dukan da ya sa Jos Buttler ajiye kyaftin. Yaya mutum zai ƙware a abin da ba ya yi? Gasar duniya ta wasan kwana biyar kuwa, sau uku ana buga wasanta na ƙarshe a ƙasarku, a Southampton da Oval da Lord's, ba ku taɓa kaiwa ba. Ku ke share gida ku shimfiɗa tabarma, baƙi su ci tuwo su tafi da akushi.

Ba na cikin masu zagin The Hundred ido rufe. Na je da iyalina, tikiti da sauƙi, babu mashaya masu ihu a kunnen yara, kuma 'yata ta fara ganin mata na wasa a gaban dubban mutane a rana ɗaya da maza, fili ɗaya. Wannan alheri ne babba. Wasu wasannin ma an nuna su kyauta a BBC. Abin da ban gane ba har yau shi ne, ku da kuka ƙirƙiro wasan jifa 120 a 2003 duniya ta karɓa, me ya kai ku ƙirƙiro na jifa 100 wanda babu mai buga shi sai ku? A bar wannan.

Abin da ya faru a 2025 shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Kun sayar da hannun jari a ƙungiyoyi 8 na gasar, aka yi musu kuɗi kusan fam miliyan 975, sama da fam miliyan 500 suka shigo wasan. Attajiran fasaha na Amurka sun biya fam miliyan 145 don kashi 49 na ƙungiyar London Spirit kaɗai. Masu ƙungiyoyin gasar IPL ta Indiya sun shiga huɗu: iyalan Ambani a Oval, masu Lucknow sun kwashi kashi 70 a Manchester, masu Delhi a Southampton bayan sun riga sun saye gundumar Hampshire, masu Hyderabad kuwa suka saye ta Leeds ɗungurungum. Har an fara sauya sunaye, Oval Invincibles da ta ci kofin maza sau uku a jere ta koma MI London. Yaron da ya sayi riga bara, bana sai ya sake.

Ciniki ya yi kyau, ban ce ba. Amma wanda ya zuba irin waɗannan kuɗi ba sadaka ya yi ba. Gobe zai ce a ƙara masa kwanaki, jibi ya ce a sakar masa Brook ko da Ingila na da wasa. Kun riga kun matse wasa biyar da Indiya tsakanin 20 ga Yuni da 4 ga Agustan 2025 don a buɗe The Hundred washegari. Stokes bai kai wasan ƙarshe ba, kafaɗa ta tsaya, Chris Woakes ya fito bugu hannu ɗaya a rataye cikin riga, aka rasa wasan da maki 6. Wannan tun kafin masu jari su zauna a kujerunsu ke nan. Ku yi hattara kada akuyar da kuka sayar ta dawo tana ci muku danga. Chacha kuma yana da tasa tambayar: tun bayan 2008 babu ɗan Fakistan a IPL, babu kuma a gasar Afirka ta Kudu da masu IPL suka mallake. Kun ce ba za a yi haka a nan ba. Ya ce in gaya muku ya ji, kuma ba shekara ɗaya zai duba ba.

Gona sau ɗaya ake sayar da ita. Kun ce kashi 10 cikin 100 na kuɗin za su tafi wasan ƙasa-ƙasa, sauran a raba wa gundumomi da MCC. Gundumomi da yawa bashi ya yi musu katutu, za su biya, daidai ne. Tsorona shi ne abin da zai biyo baya: sabon otal a gefen fili, sabon zauren 'yan alfarma, ƙarin albashin ɗan wasan waje, shekara goma a waiga a ga babu kuɗin babu yaran. Kada ku saki ko fam ɗaya ga gundumar da har yanzu ke karɓar kuɗi a hannun iyaye kafin yaro ya shiga horonta; kwamitin Butts ya riga ya ba ku wannan shawara, ku cika ta gaba ɗaya, har da kayan wasa da kuɗin mota. Ku sa kowace gunduma ta riƙa bugawa a fili, duk shekara, yara nawa ta ɗauka kuma daga waɗanne irin makarantu, mu ma mu iya karantawa. Rumfar atisaye irin wadda aka gina a Bradford, a yi ta a kowane gari mai cunkoso, a bar ta a buɗe da daddare, kada a sa mata kuɗin da zai kori waɗanda aka gina dominsu. Ku biya masu horarwa su shiga makarantun sakandaren gwamnati su zauna, don ziyarar yini ɗaya da ƙwallon roba a firamare ba ta fitar da ɗan wasa. Masu farautar baiwa kuma ku tura su wuraren ajiye motoci da daddare inda ake buga ƙwallon salatif, su ga yaron da ke jifa kamar harsashi da takalmin makaranta.

Sannan idan za ku sake cinikin talabijin, ku ware wasa ɗaya na kwana biyar a kowace bazara a nuna shi kyauta, ko da kuɗin zai ragu. Yanzu kam ba za ku ce babu halin yi ba. Ku mayar wa gasar gundumomi wasu makonni na tsakiyar bazara, ku kuma sa masu zaɓe su je su zauna a kan benci mai sanyi tare da dattawan nan masu fulas.

A Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand da maki 2 a Kofin Duniya a Malesiya. Ɗana ya kalli ƙarshen wasan a wayata ya fi sau goma, sannan ya tambaye ni ko mai fasfo biyu zai iya buga wa Najeriya. Na ce masa zai iya. Ban ji daɗin yadda ya yi saurin yin tambayar ba, shi da aka haifa a nan, wanda hoton Adil Rashid ke manne a bangon ɗakinsa.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Yaron yanzu yana da shekara 14, yana nan a kulob ɗin unguwa, tsohon direban bas ya fara saka shi cikin manya ranar Asabar. Akwai wani gwajin a kaka mai zuwa, ya ce zai sake zuwa. Na riga na nemi a canza mini aikin daren ranar, kuma Chacha ya ce shi zai tuƙa mu.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani uba Bahaushe, ma'aikacin jinya a Ingila.